Kada mai A biyu ya yi laɓe a teburin poka

Malam Edita,

Masu kallon gasar poka, wato wasan kati na zuba kuɗi, ta Las Vegas kan yaba wa ɗan wasan da ya yi laɓe, wato ya ɓoye ƙarfin katinsa ta hanyar ƙin ƙara kuɗi, idan an rage mutum biyu a tebur. Yawanci kuskure ne.

A biyu, wato kati biyu masu harafin A a hannun ɗan wasa, na cin katin abokin karawa da ba a sani ba kusan sau 85 cikin 100, amma ribar tana zuwa ne idan kuɗi ya taru a tsakiya. Mai maɓalli, wato mai alamar rabon kati, shi ke fara magana kafin a buɗe kati a tebur; idan yana da A biyu, sai ya ɗaga zuwa ninki biyu na babban zubin dole, wato kuɗin da abokin karawa ke zubawa tilas tun farko, kamar yadda yake yi da kati mai rauni, don kada a gane shi.

Idan kati uku na farko da ake buɗewa a tebur sun fito da biyu masu zane iri ɗaya, a zuba kashi biyu cikin uku na abin da ke tebur. Wanda ke neman cike kati biyar masu zane iri ɗaya yana da kati 9 masu cetonsa, damar kusan kashi 35 cikin 100 daga nan zuwa kati na ƙarshe. Barin sa ya gani kyauta ganganci ne.

Laɓe na biya ne kawai gaban abokin karawa mai gaggawar tura duk abin da yake da shi.

Naku,
Wani mai karatu