A Buɗe Wa Ma'aikatan Asibiti Ƙofar Tallafin Ƙananan Bincike A Kano

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano kan kuɗin binciken lafiya, musamman ƙananan bincike da ake kammalawa cikin wata shida zuwa shekara.

Tallafin gwamnati da aka fi sani shi ne na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Akwai babban asusun bincike na ƙasa, NRF, akwai kuma ƙaramin da ake nema ta hannun makaranta, IBR, wanda a baya ya daɗe iyakarsa naira miliyan 2. Dukkansu na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Malamin Jami'ar Bayero zai iya nema, amma unguwarzomar da ke karɓar haihuwa a Asibitin Murtala, ko jami'in lafiya na sha-ka-tafi a Ungogo, ba su da wannan ƙofa sai sun raɓu da wani malami. Alhali tambayoyin a hannunsu suke: me ya sa mace ke zuwa awo sau ɗaya ta ɓace, a wace unguwa ake fara rigakafi ba a ƙarasa ba. Ɓarkewar mashaƙo ta 2023 ta nuna mana tsadar rashin sanin wannan amsa ta biyu.

Bari mu ɗauki misali ɗaya a ga inda kuɗin ke shiga. A ce za a auna yawan ƙarancin jini ga masu juna biyu a asibitocin ƙaramar hukuma guda, wato waɗanda ma'aunin jininsu bai kai giram 11 ba. Lissafin da aka saba na yawan waɗanda za a gwada yana ba da mata 384, a ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda masu janyewa, ya zama 422. Ma'aikata huɗu, kowa mace takwas a rana, aikin kwana 14 ke nan, amma kwanakin awo ake nufi, ba a jere ba, don haka zai iya cin wata biyu. Kowace mace na buƙatar tsinken huda yatsa, auduga, safar hannu da ƙwayar gwaji ɗaya (ɗan abin da ke ɗaukar ɗigon jini a sa a na'ura), a kuma sayi rara domin wasu kan lalace. Ƙwayar gwajin wasu na'urori, da zarar an buɗe kwalbarta wata uku take yi, kuma zafin bazara na ɓata ta. Ga kuɗin a-daidaita-sahu, ga cajin waya, ga mayar da takardar neman amincewa zuwa Hausa. Masu nema kan manta da waɗannan ƙananan, sai aiki ya tsaya a tsakiya.

Babban abin da ke kashe irin wannan aiki jinkirin sakin kuɗi ne. Kayan gwaji daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka sakar wa kasuwa darajar naira a watan Yunin 2023, kasafin da aka rubuta bara ba ya sayen kayan bana. Sannan ciwo yana da lokacinsa. Binciken zazzaɓin cizon sauro da aka tsara wa damina, idan kuɗi bai fito ba sai Disamba, an yi asarar shekara. Kaso na biyu na kuɗin tallafin kuma yakan maƙale saboda rasit: wanda ya biya ɗan sahu ba shi da takarda, mai binciken kuɗi kuwa ba ya jin labari. Maganinsa a buga fom ɗin sa hannun karɓar kuɗi tun ranar farko.

Batun izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba abin rangwame ba ne, a Kano ma musamman, inda gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara masu sanƙarau a 1996 ya bar tabon da har yau ake ambata a ƙofar gida. Ma'aikatar Lafiya na da kwamitinta, Asibitin Malam Aminu Kano ma na da nasa. A samu izini kafin a taɓa kowa, a gaida mai unguwa kafin a shiga gidaje.

Roƙonmu shi ne jihar ta ware wani abu daga asusun tallafa wa lafiya na jihar, KHETFUND, ko kasafin ma'aikatar, ta riƙa kiran masu nema sau ɗaya a shekara, a wata sananne. Tun 2008 ministocin lafiya suka amince a Bamako da ware kashi 2 cikin ɗari na kasafin lafiya ga bincike, mu ko kusa da haka ba mu nema ba. A haɗa kowane ma'aikaci da malamin jami'a mai duba masa lissafi, a ɓoye sunan mai nema lokacin tantancewa (mun san halin alfarma), a saki kason farko cikin kwana 30 da amincewa. Sharaɗin kaso na ƙarshe kuma ya zama rahoto mai shafi biyu, da Hausa, wanda za a karanta a gaban shugaban asibitin da kwamitin raya lafiya na mazaɓar da aka yi aikin.

Daga wasu malaman lafiyar al'umma da ma'aikatan asibiti,
Birnin Kano.