Zuwa ga Uwata, a Samaru

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mutanen gida duk lafiya lau.

Innarki ta ce kin kira ta kina kuka, malamin da ke duba kundinki ya maido babi na biyu ya sha jan biro, kuma tun ranar ba ki sake taka ofishinsa ba. Gudun nan shi ya hana ni barci. Malamin da ya zauna ya bi rubutunki layi-layi, lokacinsa ya ba ki, alhali ga koyarwa, ga taron sashe, ga ɗalibai birjik suna jiransa. Wanda ya ɓuya mantawa ake yi da shi. Ki koma da littafi a hannu, ki rubuta duk gyaran da ya faɗa, inda ba ki gane ba ki tambaya. Kada ki tashi sai kun tsayar da ranar dawowarki.

Digiri na biyu, da an gama shiga aji ba mai kiran suna, ke za ki riƙe kanki. Bayan sallar asuba, kafin ki taɓa waya, ki rubuta ko shafi ɗaya ne, ko da bai yi miki kyau ba. Gyara yana zuwa daga baya. Da hantsi ki wuce ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Abin da kika rubuta ki tura wa kanki ta imel ranar, kwamfuta ba ta da alkawari. Kin ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Irin wannan ba a hannunki yake ba, amma rubutu a hannunki yake.

Batun manoman shinkafa da za ki yi wa tambayoyi, ki zo kafin a gama girbi. Kawunki zai kai ki fadamar Argungu da kansa. Kada ki miƙa musu takarda su cike, ki zauna gindin bishiya ki tambaye su da baki: kuɗin man injin ban-ruwa, taki, tsuntsayen da ke cinye zangarniya. Za su faɗa miki abin da babu a littafi.

Kuɗin rajista kuwa, na ware buhunan da za a sayar. In wata buƙata ta taso ki faɗa mini kai tsaye, kada ki ci bashi. Gwaggonninki masu cewa karatun ya isa haka, ki gaishe su da ladabi, amsar ki bar mini.

Allah ya yi miki albarka. Ki kira ni ranar da kika ga malamin.

Babanki,
Argungu