Wasiƙar godiya ga Gidan Tarihin Besbol na Baƙaƙen Fata da ke Kansas City

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Negro Leagues Baseball Museum,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, kuma da Hausa, don 'yan uwana da ke zaune a Amurka su san akwai wurin da ya cancanci su kai 'ya'yansu.

Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne tun ina yaro, besbol ba wasana ba ne. Amma ma'aikacinku da ya zagaya da mu bai ƙosa da tambayoyina ba. Sai da ya tabbatar na gane aikin mai jifa da na mai bugu, sannan ya shiga tarihin. Ya ce tun ƙarshen ƙarni na 19 masu manyan ƙungiyoyi suka haɗa baki suka daina ɗaukar baƙar fata, alhali babu wata doka a rubuce da ta hana.

Abin da ya fi sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda kuka tsara labarin. Ba ku ɓoye wulaƙancin da aka sha ba, otal-otal da gidajen abinci da suka riƙa korar 'yan wasa har su kwana cikin mota. Sai dai kun fi ba da ƙarfi a kan abin da mutanen nan suka gina da hannunsu. A watan Fabrairun 1920, Rube Foster, mai ƙungiyar Chicago American Giants, ya tara masu ƙungiyoyi a ginin ƙungiyar matasan Kirista ta YMCA na titin Paseo, nan kusa da ku, suka kafa gasarsu mai suna Negro National League. Sana'a ce sosai, da jadawali da albashi da kuɗin ƙofa, har masu otal da masu abinci na unguwannin baƙaƙe suna samun ciniki a dalilinta. Ɗana ya daɗe yana kallon hoton Foster, daga baya ya tambaye ni ko da gaske baƙar fata ne ya shugabanci duk wannan. Na ji daɗin da amsar tana gabansa a bango.

Labarin fitilu ma ya burge ni ƙwarai. A 1930 J. L. Wilkinson, Bature mai ƙungiyar Kansas City Monarchs, ya sayi fitilu da janareta, ana loda su a manyan motoci daga gari zuwa gari don a yi wasa da dare, masu aikin rana su samu zuwa kallo. Manyan ƙungiyoyin farare ba su buga wasan dare ba sai 1935 a Cincinnati.

Ina kuma yaba wa wanda ya tsara filin nan na tsakiya, inda mutum-mutumin tagulla na taurarin 'yan wasan baƙaƙe irin su Satchel Paige da Josh Gibson da Cool Papa Bell suke tsaye. Da farko ta bayan ragar waya kaɗai ake hango su, ba a taka filin sai an bi tarihin duka. Yara sun gane dalilin ba tare da na yi musu bayani ba.

Kun kuma faɗi gaskiya mai ɗaci: bayan Jackie Robinson, tsohon ɗan wasan Monarchs, ya shiga Brooklyn Dodgers, ɗaya daga manyan ƙungiyoyin farare, a 1947, taurari da 'yan kallo suka bi shi, ƙungiyoyin baƙaƙe suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sai a 2020 hukumar manyan gasanni ta amince cewa wasannin manyan gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 suna cikin na ƙoli. Ku kuwa tun 1990 kuke riƙe da wannan amana, tare da ƙoƙarin marigayi Buck O'Neil, tsohon ɗan wasan Monarchs.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa gidan nan ɗaukaka.

Naku da girmamawa,
Wani uba Bahaushe, mazaunin jihar Missouri