Zuwa ga aminina a Kwatano, kan maganar ƙoda

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya kasuwa? Nan Maradi lafiya lau, sai zafin bazara da ka sani.

Saƙonka ya iso, ka ce an yi maka awon jini, kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ta fito daidai, don haka ƙoda lafiya. Madalla, amma ni dai hankalina bai kwanta ba, tunda kana da ciwon suga. Kiriyatinin ba ta saurin tona asiri, sau da yawa sai ƙoda ta rasa kusan rabin ƙarfinta kafin kiriyatinin ta haura iyaka. Ga shi kuma tana bin tsokar jiki, kai kuwa tun muna makaranta ba ka da auki. Siririn mutum zai iya ganin lamba mai kyau alhali ƙodarsa na shan wuya.

Inda ciwon suga ke fara nuna ɓarnar da yake wa ƙoda galibi fitsari ne. A cikin ƙoda akwai 'yan mitsi-mitsin matatai, suga mai yawa yana cin su a hankali har wani furotin, albumin, ya fara yoyo. A lokacin babu ciwo, babu kumburin ƙafa, ko kumfa ba lallai ka gani ba. Ka ce wa likita kana son awon albumin da kiriyatinin na fitsari. Ƙasa da 30 mg/g lafiya, daga 30 zuwa 300 ɓarna ta soma, sama da 300 ta yi nisa. 'Yar takardar nan da ake tsomawa a fitsari ba ta cika kama kaɗan ɗin farko ba. Ka kai fitsarin safe, kuma ban da ranar da kake zazzaɓi ko bayan aikin ƙarfi, don suna ɗaga lambar. In ta hau, sai an maimaita: awo 2 cikin 3 a tsakanin wata 3 zuwa 6 ake yanke hukunci da su. Mai irin sugarka, nau'i na 2, kowace shekara ya kamata ya yi.

Akwai wani awon ƙoda a jini, sistatin C, wanda tsoka ba ta cika rikita shi ba, in ka samu ka yi. Sababbin awon ƙoda irin su NGAL da KIM-1 kuwa har yanzu sun fi yawa a hannun masu bincike, kada ka zubar da kuɗinka.

In an kama abin da wuri, magunguna irin su enalapril, losartan ko empagliflozin suna rage saurin ɓarnar, likita ne zai zaɓa maka. Kuma don Allah ka rabu da diclofenac, maganin ciwon jikin nan na masu talla a tasha, don yana cutar da ƙoda, wankin ƙoda sau 3 a mako ba wasa ba ne.

In sakamako ya fito, ka turo mini hotonsa ta WhatsApp. A gaida Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Maradi.