Ba kowace shekara ake sauya kwamfutar wasanni ba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan matakin Microsoft na daina tallafa wa Windows 10 daga ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tun daga lokacin nake jin matasa masu wasannin kwamfuta na cewa dole a sayi sabuwar kwamfuta. A ganina akwai gaggawa a wannan magana.

Gaskiya ne kamfanin Nvidia na fitar da sabon jerin katin hoto (ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hotunan wasa) kusan duk bayan shekara biyu: RTX 30 a 2020, RTX 40 a 2022, RTX 50 a farkon 2025. Amma wannan lissafin mai sayarwa ne. Manyan wasanni ana gina su ne daidai ƙarfin na'urori irin su PlayStation (PS), kuma tsakanin PS4 ta 2013 da PS5 ta 2020 shekara bakwai ce. Kwamfutar da ta kai PS5 ƙarfi tana da sauran aiki a gabanta, balle ga mu da farashin kayan nan ke bin dala.

Shawarata, kafin a taɓa aljihu a duba TPM 2.0, ɓangaren tsaro da Windows 11, magajiyar Windows 10, ke buƙata. Sau da yawa yana nan, a kashe yake kawai cikin BIOS, wato saitunan tushe na kwamfutar. Daga nan a ƙara RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta), a sa SSD (ma'ajiyar bayanai mai sauri). Katin hoto kuwa a bar shi sai wasan da mutum ke bugawa ya fara sarƙewa, wataƙila bayan shekara huɗu ko biyar. Ina roƙon shafinku na kimiyya ya yi wa matasa bayanin wannan dalla-dalla.

Naka,
Mai karatu daga Kano