Godiya ga yaran da suka yi mana tambari da shafin intanet

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba gwanin rubutu ba ne, amma yau dole in fito in yi godiya a bainar jama'a ga matasan nan da suka yi wa situdiyonmu na wajen Zoo Road a Kano tambari da shafin intanet. Ga wanda bai san mu ba, mu ba hoto muke ɗauka ba, wajen muke bayarwa haya awa-awa, da fitilu da labulen bango da kujeru da ɗakin canza kaya, mai hoto ya zo da kyamararsa da ango da amarya, ko mai sai da abaya ta zo da kayanta, su yi aikinsu su tafi.

Kafin in haɗu da su wallahi na ga ta kaina. Wani na fara ba wa aikin, ba zan kama suna ba ya san kansa, ya karɓi rabin kuɗi, wata 5 ina binsa kamar mai roƙo, yau kwamfuta ta lalace gobe ya tafi ta'aziyya ƙauye. Da ƙyar ya turo tambari, kyamara ce a cikin zagaye, ba a yi sati biyu ba na ga irinsa sak a allon wani mai wankin hoto, ashe daga intanet ya kwaso. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sunan shafin, ashe da imel ɗinsa ya yi rajista, shekara ta zagayo ba a sabunta ba shafi ya mutu murus, ni kuma na riga na buga adireshin a kati da jikin allo. Na kira har na gaji, waya a kashe.

To da aka haɗa ni da waɗannan, gaskiya da rabin zuciya na je. Sai suka turo min wata yarinya, sa'ar ƙanwata ce, ta zo ta wuni a situdiyo da ɗan littafinta tana tambaya kamar 'yar jarida, su wa suka fi zuwa, me suka fi tambaya a WhatsApp, in aka ɗauke wuta ya ake yi. Har tef ta sa ta auna faɗin ɗakin da tsayin silin, ta ce masu hoto za su so su sani kafin su kama waje, ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Akwai wani yadin shuni da na sayo a Ƙofar Mata na rataye a kusurwa ɗaya, ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, ta ce Yaya ai ga kalarku nan. Yanzu shi ne a tambari da kati da shafin gaba ɗaya.

Mun ɗan ja a kan farashin hayar situdiyo, ni na ce kar a rubuta a shafin a bari sai an kira a yi ciniki, ita ta dage a sa komai a fili. Ita ce da gaskiya, yanzu na huta da amsa "nawa ne" sau hamsin a wuni.

Shafin kuwa ya yi, yana buɗewa ko a ƙaramar Tecno ba ya cin data, mutum ya zaɓi rana da awa ya tura kuɗi shikenan, sun kuma sa mu a Google Maps. Ranar da suka gama ta kawo min takarda, ga sunan shafin na .com.ng da sunana aka yi rajista, ga lambobin sirri duka, ga ranar sabuntawa an ja mata layi da jan biro. Na riƙe takardar nan na rasa me zan ce.

Tsakani da Allah abin da ya kamata ya zama ruwan dare shi ne yau muke wa mamaki. Tela ya ce maka jibi ya zama bayan Sallah, makaniki ya gyara ɗaya ya ɓata biyu, in ka yi magana a ce ka cika ƙorafi, kuma duk wannan da "in sha Allahu" a baki ake yi, abin da ya fi ba ni tsoro kenan.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙara buɗi. Ke kuma ƙanwata, gurasa da tsiren da kika ƙi tsayawa ki ci rannan suna nan, sai kin zo.