Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan 'Ya'yanmu Na Firamare

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu ne iyayen yara da 'yan kwamitin makarantar firamare ta garinmu, muka kawo kukanmu gabanka. Wannan karon ba maganar gini ce ta kawo mu ba, duk da cewa rufin aji biyu yana yoyo. Abin da ya hana mu barci shi ne yaro ya shekara 6 a makaranta, ya fita babu malami ko ɗaya da ya san halinsa, ya san abin da ya iya da abin da ya gagare shi.

Ranka ya daɗe, akwai wata yarinya 'yar aji uku a unguwarmu. Shekara biyu tana zaune a ƙasa, can jikin bangon baya. Duk abin da aka rubuta a allo, daga littafin ta kusa da ita take kwafa, in waccan ta yi kuskure ita ma ta yi. Aka yi ta kiran ta daƙiƙiya, ta sha bulala, har ta fara ɓuya a ɗakin kakarta da safe. Mahaifinta ya gama shawarar cire ta a ɗora mata talla. Sai Allah ya kawo wata ɗalibar kwalejin ilimi koyon aikin koyarwa, ta lura yarinyar tana ƙanƙance ido in ta kalli allo. Ta dawo da ita gaba, ta bi ta har gida ta ce a kai ta asibiti. Ashe hangen nesa ne ba ta yi. Aka yi mata tabarau, yau ita ke karanta wa mahaifiyarta saƙon waya. Malamar kuwa ta gama watanninta ta koma makaranta. Yara nawa ne irin wannan har yanzu suke jikin bango?

Akwai kuma yaro mai i'ina, wanda tun ranar da aka yi masa dariya a aji bai sake buɗe baki ba. A gida shi ke gyara wa maƙwabta tocila da rediyo. A katin sakamakonsa kuwa, ƙara ƙoƙari kawai ake rubuta masa kowane zango.

Ba ƙarar malamai muka kawo ba, Allah ya sani. 'Yan'uwanmu ne, muna ganin wahalarsu. Tun da gwamnatin Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019, yara suka yi ta tururuwa, mun kuwa yi murna da hakan. Amma malamai ba su ƙaru yadda yara suka ƙaru ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mu kuwa ajinmu na ɗaya ya haura ɗari. Kiran suna kaɗai sai ya cinye rabin darasi. Ga kuma sauyin wurin aiki a tsakiyar zango: malami ya fara gane yaransa ke nan, sai takarda ta zo, a kawo baƙo ya fara daga farko.

Mai girma Hakimi, dukkanmu mun yi makarantar allo. Kowane yaro da allonsa, malam ya biya masa nasa karatun, ba a wankewa sai ya iya. Mai saurin ɗauka ya wuce, mai nauyin kai a bi shi a hankali, kuma malam ya san ɗan wane ne, ya san ranar da ya zo bai karya ba. Wannan sanin muke roƙa wa 'ya'yanmu a boko.

Muna roƙon ka sa baki wajen Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), tunda gwamnati da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. A ƙaro mana malamai a raba ƙananan azuzuwa. A bar malamin aji ya tafi da yaransa daga aji ɗaya zuwa aji uku, kada a ɗauke shi sai ƙarshen shekara. Wannan na biyun ko kwabo ba ya ci, shi ne kuma ya fi damun mu. Muna kuma so a ware awa ɗaya kullum a zaunar da yara gwargwadon inda karatunsu ya kai, wanda bai san baƙi ba a fara masa daga baƙi ko da a aji biyar yake, ba tare da an kunyata shi ba. Sannan ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa farkon shekara suna duba idon sababbin yara da kunnensu.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Akwai tsofaffin malamai da suka yi ritaya a garin nan, da matasa masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaune ba aiki, sun ce za su taimaka in an ba su izini. Mun san da laifinmu: da yawa cikinmu ba mu taɓa taka makarantar ba sai in an kori yaro. In ka umarci masu unguwanni da limamai su yi kira, kowane uba ko uwa ya zauna da malamin ɗansa sau ɗaya a zango, ba wanda zai ƙi.

Muna roƙon a sa mana rana kafin a koma sabon zango, mu zo fada tare da hedimasta. Mahaifin yarinyar nan ya ce zai zo ya faɗi abin da ya faru da bakinsa.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ƙara masa imani da adalci.

Mu ne talakawanka,
Iyayen yara da 'yan kwamitin makaranta.